Yarinyar da ke duƙawa ta yi addu'a: magana ga iyaye da 'yan'uwana malamai

Shekarun baya na koyar da wata yarinya a aji shida, a wata lakwal ta gwamnati nan ƙasar Matameye. Kullum aka fita shan iska takan sayi ƙosai a bakin ƙofa, ta koma gindin dogon yaro ta zauna, kuma kafin ta kai loma baki sai ta duƙa kamar mai gyaran takalmi. Takalmin nan kuwa silifa ne, ba igiya ba maɓalli. Da abin ya ishe ni kallo, wata rana na kira ta gefe na tambaye ta me ke damun ƙafarta. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Mushe, addu'ar abinci nake yi. In na rufe ido a zaune, sai su ce ga arniya tana tsafi." Na ce wa ya koya mata wannan dabara, ta ce, "Inna ce ta ce kar in bari a gani."

Ta faɗa mini ne domin ta san ni ma Kirista ne. Abin da ba ta sani ba shi ne, malaminta ma haka yake yi. Sau nawa aka kawo kwanon abinci ofishin darakta muka kewaye shi, abokan aikina suka yi bisimilla da ƙarfi, ni kuwa na yi kamar ina share gumi, na ɗan motsa leɓe na wuce? Ranar nan na koma gida da kunyar yarinya 'yar shekara goma sha biyu. Tun daga lokacin nake juya tambayar nan a raina: yaya za mu reni ɗa ya riƙe bangaskiyarsa da addu'arsa a wurin da yake ɗaya cikin ɗari, ba tare da ya zama maƙaryaci ba, ba kuma tare da ya zama maƙiyin mutanen da zai rayu da su har ya mutu ba?

Zan fara da gaskiyar da wasu ba sa son ji: tsoron uwar yarinyar nan yana da tushe. Ƙidayar jama'a ta 2012 ta nuna Kiristocin Nijar ba su kai kashi 1 cikin 100 ba. A watan Satumbar shekarar, saboda wani fim na ɓatanci da aka yi a Amurka, aka far wa majami'ar Katolika ta Damagaram aka farfasa ta. Sai kuma Juma'a 16 ga Janairun 2015, bayan jaridar Charlie Hebdo ta Faransa ta sake buga zanen ɓatanci ga Annabin Musulunci, zanga-zanga ta tashi a Damagaram bayan an sauko daga masallaci. Aka ƙona majami'u da gidaje da shagunan Kiristoci da cibiyar al'adun Faransa. Washegari wutar ta kama Yamai, inda 'yan sanda suka ƙidaya majami'u 45 da aka ƙona. Mutum 10 suka mutu a biranen biyu, gwamnati ta ba da kwana uku na zaman makoki, ɗaruruwan Kiristocin Damagaram kuwa a barikin soja suka kwana. Babu ɗaya daga cikinsu da ke da hannu a jaridar nan. Jarida ce da ta sha yi wa addininmu ba'a mu ma, kuma a makon nan Fafaroma Francis da bakinsa ya ce bai halatta a zagi addinin wani ba.

Abin bai tsaya nan ba. A watan Yunin 2019 an ƙona wata majami'a a unguwar Zariya ta Maradi bayan an kama wani limami da ya soki daftarin dokar tsara harkokin ibada, rigimar da ba ta shafi masu majami'ar ba ko kaɗan. Wanda ya fi tsaya mini a rai a matsayina na malami shi ne na 12 ga Mayun 2022, ranar da ɗalibai suka kashe 'yar'uwarsu ɗaliba Deborah Samuel a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari da ke Sakkwato bisa zargin ɓatanci, kisan da Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar ya yi tir da shi. Ni ma makarantar horon malamai na yi, a Damagaram. Na san irin ɗakin kwanan, na san irin musun da ake yi da dare. Waɗanda ake shirya wa riƙon alli ne suka ɗauki dutse. Duk uwar da ta ji wannan labari, in ta ce wa 'yarta ta duƙa ta yi addu'a, ba zan zarge ta ba.

Amma akwai rabin labarin da ba mu cika faɗa wa yaranmu ba, kuma shi ya sa na ɗauki alƙalami. Daren Juma'ar nan ta 2015 ina gidana a Matameye, waya sai ƙara take daga 'yan'uwa na Damagaram, maiɗakina ta tattara takardun haihuwar yara ta ƙulle a zane. Bayan sallar isha'i aka ƙwanƙwasa ƙofa. Na leƙa, sai na ga maƙwabcina ne, dattijo mai sayar da rake a kasuwa, riƙe da tabarma da buta da carbi. Ya shimfiɗa tabarmarsa a ƙofar gidana ya zauna. Na ce, "Baba, lafiya?" Ya ce, "Lafiya lau, Mushe. Koma ciki wurin iyalinka. Yau nan nake shan iska." A watan Janairu, cikin hunturu, ba wanda ke shan iska. Yana nan har aka yi kiran assalatu. Babu wanda ya zo, wataƙila ma babu wanda ya yi niyyar zuwa, amma ni da shi mun san abin da ya kawo shi, kuma har ya rasu bai taɓa tayar da zancen ba.

A majami'a muna yawan jin wa'azi cewa duniya tana gaba da mai bi. Maganar tana da wurinta, sai dai yara ba su iya rarrabewa. In ka ce wa yaro "duniya", abin da yake gani shi ne abokin zamansa a benci da mai shagon unguwa da ladanin da ke tashe shi da asuba. Dattijon da ya kwana a ƙofata kuwa a wane ɓangare za mu sa shi? A Damagaram da Yamai ma an samu Musulmi da suka ɓoye maƙwabtansu Kiristoci a ɗakunansu a kwanakin nan biyu. A watan Yunin 2018, a ƙauyen Nghar na ƙasar Barikin Ladi a Jihar Filato, Liman Abubakar Abdullahi ya ɓoye mutum sama da 200, yawancinsu Kiristoci, a masallacinsa da gidansa, ya tsaya a ƙofa ya ƙi miƙa su ga maharan. Kowane almajiri kuma ya san cewa lokacin da aka tsananta wa Musulmin farko a Makka, Habasha suka yi hijira, Sarki Najjashi wanda Kirista ne ya ba su mafaka ya ƙi mayar da su. Abin da ke gaba da mu shi ne fushin taro da jahilci da masu hura wuta don amfanin kansu. Wannan ciwo kuwa ba ya tambayar addini kafin ya kama mutum. A wasu ƙasashen masallatai ake ƙonawa, Musulmi ne ke ɓoye sunayensu.

Saboda rashin wannan rarrabewa, na ga iyayenmu suna bi da 'ya'yansu hanyoyi uku, kuma a nawa ganin dukansu ɓata ne.

Ta farko ita ce ɓoyewa. A sauya wa yaro suna in zai shiga lakwal, a ce masa in an tambaye shi inda ya je ran Lahadi ya ce gona. Na fahimci dalili, amma a matsayina na wanda ya shekara ashirin yana kallon yara, ina shaida muku abin da hakan ke haifarwa. Yaron da aka koya wa ƙarya a kan abu mafi girma a rayuwarsa, ƙarya a kan aikin gida da kuɗin aike ba ta yi masa nauyi. Sannan a hankali yakan ɗauka cewa abin da ake ɓoyewa abin kunya ne. Ran da ya kai shekara goma sha takwas, ba wanda zai ƙwace masa bangaskiyarsa, shi da kansa zai ajiye ta kamar tsohuwar riga. Kuma a gari irin Matameye wa ake ɓoye wa? Kowa ya san gidan kowa. Abin da kawai muke nuna wa maƙwabta shi ne ba mu amince da su ba.

Ta biyu ita ce ƙullaci, kuma ta fi ta farko haɗari domin tana shigar ibada. Akwai gidajen da addu'ar dare ta koma lissafin abokan gaba: Allah ka gani, Allah ka saka, Allah ka kunyata su. Yaro yana durƙushe yana ji, gobe ya shiga aji ya zauna kusa da ɗaya daga cikin "su". Na taɓa raba faɗa tsakanin yara biyu a kan alƙalami, na ji ɗan namu ya ce, "Ku dama haka kuke." Wannan kalma ba a lakwal ya koyo ta ba, daga tabarmar addu'a ya ɗauko ta. Mu da muke karanta labarin Istifanas, wanda ya roƙa wa masu jifansa gafara duwatsu na sauka a kansa, da Almasihu da ya yi haka a kan gicciye, ba mu da hujjar mayar da addu'a wurin wasa wuƙa. In har wutar 2015 ta bar mana ƙiyayya a cikin gida, to ta cinye abin da ya fi gini tsada.

Ta uku ita ce gudu, a tattara a koma Yamai ko a tsallaka iyaka, ko kuma a zauna a gari amma a janye daga suna da biki da jana'iza, a rufe ƙofa. Wanda ransa ke cikin haɗari ya tashi, ban ce ya zauna ba. Amma kada mu manta mu 'yan ƙasa ne. Tun 1924 'yan mishan na SIM suka sauka Damagaram, an kammala fassara Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, asibitin Galmi yana duba marasa lafiya tun 1950 ba tare da tambayar addininsu ba. Kakana manomin gero ne a wannan ƙasa, kawunnaina da 'ya'yansu Musulmi ne, tuwon sallarsu yana zuwa gidana, shinkafar Kirsimeti tana zuwa nasu. Ko Yahudawan da aka kwasa bauta zuwa Babila, wasiƙar da Annabi Irmiya ya aika musu umurni ce su gina gidaje, su yi shuka, su roƙa wa birnin alheri. In an faɗa wa bayi haka, ina ga mu da aka binne cibiyarmu a nan?

To mece ce hanya? Ni dai a labarin Daniyel na same ta. Baƙo ne a fadar da ba ta bin addininsa, ma'aikacin gwamnati kamar ni da ku. Maƙiyansa suka bincike aikinsa kaf ba su samu ko ƙwandala da ta ɓata ba, shi ya sa suka koma ta kan addu'arsa, suka sa aka kafa dokar hana ta. Abin lura shi ne yadda ya amsa. Bai fita kasuwa ya durƙusa don a gan shi ba, bai kuma toshe tagarsa ba. Sau uku yake addu'a a rana kafin dokar, sau uku ya ci gaba da yi bayanta, a wuri ɗaya, a lokaci ɗaya. Darasi biyu ke nan ga mai reno: amanar aiki ita ce shaidar farko, sannan addu'ar da za ta tsaya ranar tsanani ita ce wadda aka saba da ita ranar lafiya.

Zamaninmu ma ya ba mu misali. Ranar 17 ga Satumbar 2018 'yan bindiga suka sace Fada Pier Luigi Maccalli daga Bomoanga, kusa da iyakar Burkina Faso, ba a sake shi ba sai a watan Oktobar 2020 a Mali. Sama da shekara biyu yana cikin hamada, wani lokaci da sarƙa a ƙafa, ba majami'a, ba littafi, ba taron masu bi. Da ya fito ya ba da labarin cewa addu'ar da ke kansa ce ta riƙe shi safe da yamma, kuma ya ce ya yafe wa waɗanda suka tsare shi. Ni ba Katolika ba ne, amma tambayar da labarinsa ya bar mini ta shafi kowane uba: in aka raba ɗana da fasto da ginin majami'a da wayarsa, me zai rage masa a ka?

Saboda haka ga abin da nake roƙon iyaye Kiristoci. Ku tsayar da lokacin addu'a a gida, ko minti goma ne, kada ya motsa. A gidana kiran assalatu ne agogonmu, in ladan ya ɗaga murya mu ma mu tashi. Maƙwabtanmu sun fi mu wannan horo, sau biyar a rana ko ana ruwa ko ana rana, kuma ba abin kunya ba ne mu koya daga gare su. Ku sa yara su haddace zabura da addu'o'i da Hausar da suke mafarki da ita, domin abin da ke cikin ka ba ya ƙonewa. Ku riƙa ambaton maƙwabta da sunayensu cikin addu'a, wanda matarsa ke da ciki, wanda sansa ya ɓata, wanda ɗansa ya tafi ci-rani Libiya ba labari. Yaro ba ya iya ƙin mutumin da yake roƙa wa lafiya kowane dare. Ku koya musu amsa gajera mai ladabi in an tambaye su: "Ni Kirista ne, haka muke addu'a a gidanmu." Ku kuma ja musu kunne da ƙarfi kada su taɓa zagin abin da wani yake girmamawa, ko a baki ko a WhatsApp, ko da an fara zagin nasu. Wannan ladabi ne da addininmu ya ɗora mana tun kafin ya zama kariya.

Na san abin da wasu matasanmu za su ce, domin sun faɗa mini a ido: "Mushe, wannan ai tsoro ne aka sa wa rigar haƙuri. A ƙona, mu yafe, a sake ƙonawa." Maganarsu tana da nauyi. Amsata ita ce yafiya ba ta soke shari'a. Manzo Bulus da kansa, da za a yi masa bulala ba bisa ƙa'ida ba, ya tsaya a kan haƙƙinsa na ɗan ƙasar Roma, daga baya ma ya ɗaukaka ƙara zuwa gaban Kaisar. In an zalunce ka, ka je wurin mai unguwa, ka je wurin jandarmomi, ka shigar da ƙara, ka nemi diyya. Abin da aka hana mu shi ne ɗaukar fansa da hannu da kuma ɗora laifin mutum ashirin a kan gari guda. Wanda ya rama da wuta ya ba masu hura wutar abin da suke nema, kuma mu da ba mu kai ɗaya cikin ɗari ba, mu ne za mu fara biya.

Yanzu kuma gare ku, 'yan'uwana malamai Musulmi, waɗanda na san ku ne mafi yawan masu karanta wannan shafi. A makarantar horo an koya mana tsara darasi da riƙe rajista, amma ba a zaunar da mu an ce ga yadda za ka yi in kana da yara 70 a aji, ɗaya ko biyu ba addininku ɗaya ba. Ba na roƙon ku yarda da abin da na gaskata. Abu kaɗan nake roƙo. In kun ji an kira yaro arne ko kafiri a fili, ku tsawata nan take kamar yadda za ku tsawata in an zagi uwarsa, domin shirun malami izini ne. Kada ku tsayar da shi gaban aji ya kare addininsa, yaro ne, ba fasto ba ne. Kada ku yi masa wasan "yaushe za ka musulunta", ku a wurinku raha ce, shi kuwa yana ganin mai riƙe da makinsa ne ke tambaya. In kuma wani labari ya taso daga Turai ko daga tsallaken iyaka gari ya ɗauki zafi, ku shiga aji ku faɗa wa yara cewa wannan da ke zaune kusa da su ba shi ya yi ba. Kalma ɗaya daga bakinku ta fi goma daga nawa. Matasan da suka ɗauki fetur a 2015 da yawansu sun taɓa zama a benci gaban wani malami, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ita kuwa yarinyar nan, ban yi mata wa'azi ba. Washegari da aka kawo kwano ofishin darakta, na ajiye cokali na rufe ido na yi addu'ata a zaune, inda kowa ke gani. Da na buɗe ido sai na tarar an dakata ana jirana, wani abokin aikina ya ce, "Mushe, ka sa mu ciki dai?" Na ce na sa. Muka ci abinci. Bayan kwana biyu na je gidansu na gaida mahaifiyarta, muka daɗe muna magana, ta yi kuka, ta ce za ta yi tunani. Ban tilasta mata ba, domin ita ta san daren da ta kwana a 2015. Kafin ƙarshen shekara dai na lura yarinyar ta daina gyaran takalmi.

Allah Ya raya mana 'ya'yanmu bisa gaskiya, Ya ba mu maƙwabta nagari, Ya sa mu ma mu zama nagari gare su. Allah Ya zaunar da Nijar lafiya.